CIWON DA MAGIDANTA KE ƁOYEWA

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

A wannan mako filin namu zai taɓo wata magana wadda ba a cika kawo ta a majalisa ba, alhali kuwa da wuya ka zauna a majalisar da babu mai fama da ita. Maganar ita ce ta damuwa da ƙuncin rai waɗanda ke cin magidanta a ɓoye, har su kai wani ga kwanciya, su kai wani ga sakin iyali, wani kuma su kai shi ga abin da ya fi wannan muni.

Tun yaro yana ƙarami ake koya masa cewa namiji ba ya kuka. In ya faɗi ya fasa gwiwa, sai a ce masa, "Tashi, kai fa namiji ne." Da haka zai girma, ya yi aure, ya ɗauki nauyin gida, da na iyaye, da na ƙanne, wani lokaci har da na marayun ɗan'uwa. In aka tambaye shi gajiya, ya ce ba gajiya. In aka tambaye shi aiki, ya ce da godiya. Wannan ladabi ne mai kyau, ba mai cewa a bar shi. Amma fa akwai wanda zai shekara yana amsa gaisuwa da "lafiya lau", alhali rabonsa da barcin kirki tun watannin baya, kuma ko matarsa ba ta san abin da ke cikinsa ba.

NAUYIN DA AKE ƊAUKE DA SHI

Ba sai an faɗa wa mai karatu halin da aka shiga a 'yan shekarun nan ba. A farkon 2023 aka yi ƙarancin takardun kuɗi saboda canjin fasalin naira, ciniki ya tsaya cik a kasuwanni. Ranar 29 ga Mayu na wannan shekara aka ba da sanarwar janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Dalar Amurka wadda gwamnati ke canzarwa a kan naira 460 da ɗoriya ta zarce 1,500 a 2024. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a watan Yulin 2024, amma tsadar kaya ta riga ta yi gaba.

Ɗan kasuwar da ke sarin kaya daga waje ya ga jarinsa yana narkewa a hannunsa: ya sayar da dila da riba a lissafi, ya koma sari ya tarar kuɗin ba su isa sayen irinta ba. Wani kuma gobara ce ta cinye rumfarsa, kamar yadda aka gani a kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016, ko ambaliya ta lalata masa yadi, kamar yadda ta faru a Kantin Kwari a 2022, kayan kuwa na bashi ne. Ma'aikaci shi ma albashi na ƙarewa tun wata bai raba ba, ga kuɗin haya, ga na makaranta, ga cefane, ga dangi na ƙauye waɗanda ke ganin duk wanda ke zaune a ofis mai hali ne. Wanda ya kusa ritaya kuwa yana kallon waɗanda suka riga shi suna safa da marwa a kan fansho da garatuti.

Abin da ya ƙara wa borno dawaki shi ne mutunci. Alhajin da aka saba gani yana rabo ranar Juma'a ba ya iya fitowa ya ce an karye. Sai ya ci bashi don ya rufe wani bashin, ya ci gaba da sa babbar riga, cikinsa kuwa yana ƙuna.

YADDA ABIN KE TAƁA JIKI

Likitoci sun bayyana cewa idan mutum ya tsorata ko ya shiga matsi, jikinsa kan saki waɗansu sinadarai daga wasu 'yan halittu da ke bisa ƙoda. Su ne ke sa zuciya ta riƙa bugawa da sauri, jini ya hau, sukari ya ƙaru a cikin jini, tsoka ta ɗaure. Wannan rahama ce daga Allah, domin da ita mutum ke tsere wa gobara ko ɓarawo, in hatsarin ya wuce kuma jiki ya koma daidai. To, bashi da kuɗin haya ba sa wucewa da gudu. Sai jiki ya zauna cikin shirin ko-ta-kwana dare da rana, wata da watanni. Daga nan barci ya ƙaurace, kai ya yi ta ciwo, ciki ya ƙi karɓar abinci, sha'awar iyali ta ragu. Doguwar damuwa tana cikin abubuwan da ke taimaka wa hawan jini da ciwon zuciya, hawan jini kuwa shi ne kan gaba wajen jawo shanyewar ɓarin jiki.

Ya kamata a bambanta abu biyu. Akwai damuwa ta yau da kullum, wadda kan zo da dalili ta tafi in dalilin ya kau. Akwai kuma ciwon damuwa, wanda cuta ce sosai kamar ciwon sukari. Alamarsa ita ce mutum ya yi mako biyu ko fiye, kusan kullum, cikin baƙin ciki, ko kuwa ya daina jin daɗin duk abin da a da yake faranta masa rai. Tare da haka akan sami rashin barci ko farkawa tun tsakar dare, da kasala, da rama, da mantuwa, da ganin kai ba a bakin kome ba, da yawan tunanin mutuwa.

A wurin maza kuwa sau da yawa ciwon kan ɓuya a bayan wata fuska. Mutumin da aka sani da fara'a sai ya koma mai faɗa, abu kaɗan ya daka wa yara tsawa, ya yi wa uwargida barazanar saki a kan gishirin miya. Wani ya daina zuwa majalisa, ya daina ɗaukar waya. Wani ya nutse cikin aiki har dare don gudun komawa gida. Wani kuma ya faɗa shan ƙwaya ko maganin tari don ya sami barci. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da gwamnatin Nijeriya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwayoyi a ƙasar cikin shekara guda, kuma maza ne suka fi yawa a cikinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa, kuma fiye da mutum 700,000 ke kashe kansu a kowace shekara, adadin maza a cikinsu ya ninka na mata fiye da sau biyu.

SHIN RAUNIN IMANI NE?

Abin da ya fi rufe bakin magidanci Musulmi shi ne tsoron kada a ce ba shi da haƙuri, ko ba shi da tawakkali. To, bari mu duba tarihin waɗanda suka fi kowa imani.

Alƙur'ani mai girma ya ba mu labari a Suratu Yusuf cewa Annabi Yaƙubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari. Wannan kuwa shi ne Annabin da aka buga misali da shi wajen kyakkyawan haƙuri. Ashe baƙin ciki da haƙuri suna iya zama a zuciya ɗaya.

Shekarar da Nana Hadiza da Abu Ɗalibi suka rasu, wato shekara ta goma bayan aiko Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, malaman tarihi suna kiranta Shekarar Baƙin Ciki. Ranar da ɗansa Ibrahimu ke gargarar mutuwa, idanunsa sun zubar da hawaye a gaban sahabbai, har Abdurrahmanu ɗan Aufu ya yi mamaki, shi kuwa ya sanar da shi cewa wannan hawaye rahama ne.

Akwai kuma darasi babba a farkon wahayi, kamar yadda Buhari ya ruwaito daga Nana A'isha. Da Manzon Allah ya sauko daga kogon Hira zuciyarsa na kaɗawa, gida ya nufa, ya nemi a lulluɓe shi, sa'an nan ya gaya wa matarsa abin da ya gani da tsoron da ya ji. Nana Hadiza ba ta raina shi ba. Ta lissafa masa kyawawan halayensa har hankalinsa ya kwanta, daga nan ta kai shi wurin Waraƙatu ɗan Naufal, wanda ke da sanin littattafan farko. Ka duba matakan nan uku, ya kai ɗan'uwa: ya faɗa wa makusanci, makusanci ya kwantar masa da hankali, sa'an nan aka tafi wurin masani. In shugaban halitta bai ga kasawa ba a gaya wa iyalinsa abin da ke ransa, wane ne ni, wane ne kai?

Malamai sun yi bayani cewa kukan da ke ɓata haƙuri shi ne na fushi da hukuncin Allah. Amma mutum ya gaya wa likita inda ke masa ciwo, ko ya nemi shawarar amini, wannan riƙo da sababi ne, kamar ɗaure raƙumi kafin a yi tawakkali. Manzon Allah ya umurci bayin Allah da neman magani, bai kuwa ware ciwon kai da na ƙirji daga cikin umurnin ba. Hausawa ma sun ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

ABIN DA MAGABATA SUKA SANI

Waɗansu na ɗauka cewa maganar lafiyar ƙwaƙwalwa baƙuwa ce wadda Turawa suka kawo. Ba haka ba ne. Abu Zaidu Albalhi, malamin ƙasar Balhu da ke cikin Afganistan ta yau, wanda ya rasu a shekara ta 934 Miladiyya, ya wallafa littafi mai suna Masalihul Abdani wal Anfus, ya raba shi kashi biyu, ɗaya kan lafiyar jiki, ɗaya kan lafiyar rai. A kashi na biyu ya yi magana a kan fushi, da tsoro, da baƙin ciki, da waswasi. Ya bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa, kamar asarar dukiya ko rasuwar masoyi, da wanda kan sauko wa mutum ba tare da dalili ba, ya ce shi wannan na biyu tushensa a jiki yake, yana kuma bukatar a yi wa jikin magani. Ya ba da shawara mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana lafiya, kamar yadda ake ajiye magani a gida don ranar larura, ya kuma nuna cewa nasihar wani daga waje ta fi shiga rai bisa wadda mutum ke yi wa kansa. Farfesa Malik Badri, masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Sudan, ya fassara wannan kashi zuwa Ingilishi a 2013.

Haka nan asibitocin Musulmi na da, irin wanda Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284, suna da ɓangare na masu taɓin hankali, ana kula da su daga dukiyar waƙafi. Don haka wanda ya je asibiti da ciwon rai hanyar magabata ya bi.

TSAKANIN RUƘIYA DA ASIBITI

A wurinmu da zarar hali ya canza sai a ce sammu ne, ko iska, ko kambun baka, a soma zargin kishiya ko abokin gaba a kasuwa. Ruƙiya da ayoyin Alƙur'ani da addu'o'in da suka inganta halal ce, alheri ce kuma. Abin da ake gudu shi ne a tsaya a nan a hana mara lafiya ganin likita, ko a kwashi ɗan abin da ya rage a kai wa boka, a haɗa asarar dukiya da ta imani. Mai karayar ƙafa yana addu'a, yana kuma zuwa wurin maɗori. Abin da aka gani a 2019, sa'ad da 'yan sanda suka buɗe waɗansu gidajen mari a jihohin Kaduna da Katsina suka fito da ɗaruruwan mutane, da yawansu cikin sarƙa, ya isa ya zama izina. Duka da mari ba sa warkar da ciwo.

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, akwai kuma na Dawanau a Kano, ban da sassan da ke asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello. Mafi yawan masu zuwa waɗannan wurare ba a kwantar da su. Sukan ga likita su koma harkokinsu. Wani shawara da tattaunawa kaɗai ke isarsa, wani sai an haɗa masa da ƙwayar magani. Maganin kuwa yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu ko fiye kafin a ga amfaninsa, kuma ba a yanke shi rana ɗaya sai da izinin likita. A watan Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 da aka gada daga zamanin mulkin mallaka. Sabuwar dokar ta hana nuna wa mai wannan larura bambanci, abin da ya kamata ma'aikaci mai tsoron rasa kujerarsa ya sani.

HAƘƘIN DA KE KAN KOWA

Kai mai fama, fara da jikinka. Salmanu Bafarise ya taɓa ziyartar ɗan'uwansa Abud Darda'i, ya tarar ya takura wa kansa da azumi da tsayuwar dare har ya yi sakaci da iyali. Sai ya tilasta masa cin abinci da barci, ya tuna masa cewa Ubangijinsa na da haƙƙi a kansa, ransa ma haka, iyalinsa ma haka, Manzon Allah kuwa ya gaskata Salmanu. In ibada ba ta zama hujjar hana jiki haƙƙinsa ba, ina ga kasuwa da ofis? Ka kwanta da wuri, ka rage shayi mai kauri da goro da dare, ka ajiye waya in ka hau gado, ka riƙa taka ƙafa zuwa masallaci ko kasuwa, ka je a auna jininka. Ka riƙe salla cikin jam'i, domin ban da ladarta tana fitar da kai cikin mutane sau biyar a yini. Ka lazimci addu'ar nan da Anas ɗan Malik ya ce Manzon Allah na yawan yi, ta neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, da gajiyawa da kasala, da rowa da tsoro, da nauyin bashi da rinjayen mazaje. Ka lura yadda aka jera damuwa da bashi a addu'a ɗaya.

Game da bashin kuwa, ka zauna ka rubuta shi duka a takarda. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, wadda ke Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Abin da ke yawo a kai da tsakar dare ya fi ban tsoro bisa abin da ke kan takarda. Daga nan ka je wurin masu binka da ƙafarka, ka nemi a yi maka rangwame ko a yanka maka biya kaɗan-kaɗan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka kuma rage abin da ba dole ba, ko da mutane za su yi magana a kan lefe da ragon suna.

Kai mai bin bashi, ka tuna cewa a wannan sura dai aka yi umurni da a saurara wa wanda ke cikin matsi har ya samu, aka kuma nuna yafewa ta fi alheri. Masu fitar da zakka su tuna cewa wanda bashi ya danne yana cikin kashi takwas da Suratut Tauba ta ambata. Maƙwabcinka na kasuwa da ya karye, wanda kunya ba za ta bar shi ya roƙa ba, ya cancanci a kai masa a asirce. Shugaba a ofis da ubangida a shago, in kun ga na ƙasa da ku mai ƙwazo ya soma makara da mantuwa, ku kira shi gefe ku tambaye shi lafiya kafin takardar tuhuma ko kora.

Uwargida, labarin zuciya a tambayi fuska. In kin ga maigida ya canza, ki zaɓi lokacin da ya natsu, ki tambaye shi da taushin murya, ki kuma riƙe sirrinsa. Amma in abin ya kai ga duka ko barazana, to, shiru ba naki ba ne, sai ki sanar da manya. Ciwo dalili ne na neman magani, ba ya halatta zalunci.

Amini kuma, in kwana uku ba ka ga mutuminka a sahu ko a majalisa ba, zumunta a ƙafa take. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah ya shiga masallaci ya ga Abu Umama zaune a lokacin da ba na salla ba, sai ya tambaye shi dalili, ya ce damuwa ce da basussuka. Da ba a tambaye shi ba, da ya tashi da abinsa a ciki. In ka je, ka fi ba da kunne bisa baki, kada ka yi saurin cewa ai wane ya fi ka shiga uku. Limamai su ma su riƙa kawo wannan magana a huɗuba, domin abin da aka faɗa a kan mumbari kunyarsa takan ragu.

IDAN MAGANA TA KAI GA RAI

Wannan ita ce gaɓa mafi hatsari. In ka ji mutum na cewa ya gaji da duniya, ko iyalinsa za su fi hutawa in ba shi, ko ka ga yana sallamar mutane yana rarraba kayansa ba dalili, kada ka ɗauka wasa ne. Ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin halaka kansa. Masana sun tabbatar cewa tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Kada a bar shi shi kaɗai. A kawar da maganin ƙwari da fiya-fiya da makami da tarin ƙwayoyi daga inda hannunsa zai kai, a kai shi asibiti a ranar, ko da ransa bai so ba. Irin wannan hali yakan taso ne ya lafa, wanda aka tsare a sa'ar nan sau da yawa yakan rayu ya gode.

Kashe kai haramun ne, babban zunubi ne, babu saɓani a kan haka, Suratun Nisa'i ta hana shi a fili. Amma sanin haramcin ya kamata ya sa mu tashi tsaye wajen tare ɗan'uwa tun bai kai can ba. Wanda kuma ƙaddara ta riga ta faɗa wa gidansu, a bar hukunci ga Allah, wanda Shi kaɗai Ya san ko hankalin mamacin na tare da shi, tun da an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe. Iyalansa ta'aziyya suke bukata, ban da gori.

Jama'a, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowannenmu ya duba sahunsa, da layin rumfarsa, da ofishinsa a wannan mako, ya ga wane ne ya yi shiru fiye da yadda aka san shi, ya je ya zauna da shi.

Allah Ya yaye wa masu damuwa damuwarsu, Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu cika da imani, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.